Albasa Littafi Ce Ga Mai Iya Karanta Ta

A cikin darussan da a ke shirya mu mu koyar in mun fita daga kwaleji, akwai wani wanda yara ba su cika ɗaukarsa da nauyi ba, malamai ma da yawa su kan bi ta kansa da gaggawa don su kai ga lissafi da Turanci. Wannan darasi shi ne ilmin tsire-tsire, watau sanin sassan jikin shuka da aikin da kowane sashi ke yi. Yadda aka saba koyar da shi, malami ya zana wata shuka a allo wadda ba ta da suna, ba a kuwa taɓa ganin irinta a gonar kowa ba, ya ja kibiyoyi, ya rubuta saiwa, kara, ganye, fure. Yara su kwafa, su haddace, ran jarrabawa su zubar, shi ke nan an rabu.

Mu a ganinmu wannan hasara ce babba, balle a ƙasa irin ta gabashin Sakkwato, wajen Wurno da Raba da Goronyo, inda kusan kowane yaro da ke zaune a aji da kuɗin albasa ko shinkafa ko gero aka ɗinka masa riga. Abin da mu ke so mu ce shi ne, a ɗauke darasin nan daga allo a kai shi fangali, a koyar da shi da shukokin da uban yaro ke nomawa, da sunayen da yaro ya sani tun yana goye. Za mu kawo dalilanmu, mai karatu ya auna.

Tun farko dai, kada wani ya zaci binciken tsire-tsire baƙon abu ne a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa Wurno ribaɗi, ya zauna cikinta har ya rasu a shekarar 1837, bai ga ƙasƙanci ba ga ya ɗauki alƙalami ya yi rubutu a kan magunguna, har da amfanin filasko. Fadamar gulbin Rima da ya zaɓa ya zauna kusa da ita, har yau ita ce ke ciyad da jama'a. Da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a shekarar 1984, noman rani ya ƙara faɗi, injin ban ruwa kuma ya karɓi aikin jigo a wurare da yawa. Ruwa ya samu, taki ya samu, maganin ƙwari ya samu. Abin da bai ƙaru daidai da su ba shi ne sanin yadda shuka ke amfani da waɗannan abubuwa, kuma nan ne kuɗin manomi ke zurarewa.

Mu ɗauki albasa, tun da ita ce sarauniyar lambunan Wurno da Goronyo, ita da ƙanwarta tafarnuwa. A tambayi yara, wane sashi na albasa mu ke ci? Galibinsu za su ce saiwa, don sun ga a cikin ƙasa ta ke. To, ba saiwa ba ce. A raba ta biyu da wuƙa daga sama zuwa ƙasa a duba. A can gindi akwai wani ɗan faifai mai tauri, bai fi faɗin kwabo ba. Wannan shi ne karan albasa duka-duka. Daga ƙarƙashinsa ne saiwoyi farare kamar zare suka fito. A samansa kuwa zobba ne, wani cikin wani, kowane zobe gindin ganye ne da ya kumbura ya cika da abinci. In aka bi ɗaya daga zobban nan na waje-waje zuwa sama, aka wuce wuya, sai a tarar ya zama lawashi. Ashe lawashi da kan albasa jiki ɗaya ne, saman madafa, gindin rumbu.

Me ya sa muka kira ganye madafa? Da can mutane ko'ina a duniya sun ɗauka ƙasa shuka ke ci ta girma. Wani likita a ƙasar Beljiyam, sunansa Van Helmont, ya so ya tabbatar. Ya busar da ƙasa ya auna laba 200, ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan icce mai nauyin laba 5, ya yi ta ba shi ruwa kaɗai har shekara 5. Da ya tumɓuke iccen ya auna, sai ya tarar ya kai laba 169, ƙasar kuwa da aka sake busar da ita aka auna, wajen oza 2 kawai ta rage. An buga wannan labari a shekarar 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya zaci duk nauyin daga ruwa ne. Sai daga baya, musamman bayan binciken wani mai suna Ingenhousz a shekarar 1779, aka gane hasken rana da iska suna da babban rabo. Ga yadda abin ya ke. A jikin ganye akwai ƙananan bakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girman abu. Ta nan ganye ke shan irin iskar da mu ke fitarwa in mun yi numfashi. Saiwa ta aiko da ruwa, koren da ke cikin ganye ya kama hasken rana, da ƙarfin hasken nan ya haɗa ruwa da iska su zama sukari, sa'an nan ya saki iskar da mu ke shaƙa mu rayu. Sukarin nan shi ne ke gangarawa ya cika kan albasa, shi ne ke hawa ya cika zangarniyar gero, shi ne kuma mu ke tsotsa a rake. Abin da shuka ke ɗauka daga ƙasa kamar gishiri ne a miya, kaɗan ne, amma in babu shi girki bai yi ba.

Yaron da ya gane wannan, ya gane abubuwa da yawa da ke faruwa a lambun gidansu. Ya san ƙananan ƙwarin nan da ke ɓuya a tsakanin lawashi suna tsotsa har ya yi fari-fari, da cutar da ke sa masa tabo ya bushe tun daga kai, ba ado su ke ɓatawa ba, wutar madafa su ke kashewa. Ya san wanda ya tsinke lawashi tun albasa ba ta ƙosa ba don ya yi gabu, ya sayar da buhu ne ya sayi mudu. Haka wanda ya zage karmamin dawa don dabbobi tun ƙwaya tana ruwa-ruwa.

Babbar magana kuwa ita ce ta ajiya. Kowa ya sani lokacin cirar albasa, wajen ƙarshen rani, kasuwa kan cika har a rasa mai taya ta da daraja. Bayan 'yan watanni, in damina ta yi nisa, sai kuɗinta ya hau. Wanda albasarsa ta jure a rudu shi ke cin ribar shekara, wanda tasa ta ruɓe ya yi wa rana aiki. Mutane su kan ce sa'a ce. Akwai sa'a, amma akwai kuma sababi, kuma sababin yana jikin wuyan albasa. In albasa ta ƙosa, ta kan daina fitar da sabon ganye, wuyanta ya yi laushi, lawashi ya kwanta da kansa. Daga nan wuyan ya bushe ya tsuke, ya zama ƙofa rufaffiya, ɓawon waje kuma ya yi ƙauri ya zama riga. To, in manomi ya ci gaba da ban ruwa har ranar cira don ta yi nauyi, ko ya zuba takin yuriya a ƙarshe don ta yi girma, sai ta ci gaba da toho, wuyanta ya yi kauri, ya ƙi rufuwa. In kuma ya yanke lawashi yana ɗanye, daf da kai, ya tara nan take, ya bar ƙofa a buɗe da danshi a bakinta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga ruɓa ke shiga, ta bi zobe ɗaya ta gangara, waje lafiya, ciki ya lalace. Maganin ba ya cin kwabo: a tsai da taki da wuri, a yanke ruwa mako ɗaya ko biyu kafin cira, a jira mafi yawan lawashi ya kwanta, a bar wuya ya bushe sarai kafin a yanke, a kuma bar masa ɗan tsawo.

Bayan wannan, albasar da ke cikin rudu ba matacciya ba ce. Tana da rai, tana numfashi, tana fitar da zafi da gumi kamar mutanen da aka tara a ɗaki ɗaya. Don haka ne magabata suka ɗaga rudu daga ƙasa, suka yi shi da kara da ciyawa yadda iska za ta ratsa. Wanda ya jibga albasa da tsawo, ko ya lulluɓe ta da leda don tsoron ruwa, ya toshe mata numfashi, ita kuwa za ta rama.

Mu gangara wajen saiwa. Saiwar albasa gajera ce, mafi yawanta ba ta wuce taki ɗaya cikin ƙasa, ba ta kuma yin rassa da yawa. Shi ya sa ta ke son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, shi ya sa kuma noma mai zurfi kusa da gindinta ke cutar ta. Ruwa yana shiga saiwa ne don ruwan da ke cikinta ya fi na ƙasa kauri, gama ruwa kullum wajen mai kauri ya ke bi. A yanka albasa a barbaɗa mata gishiri, kafin a ƙirga ɗari za a ga ta fara tsatsafo da ruwa. Abin da ke faruwa ke nan ga saiwa in an tula mata takin zamani a gindi, ko in kanwa ta taso ta yi fari a fangalin da a ke ta ban ruwa ba magudana. Shuka na tsaye cikin danshi, tana mutuwa da ƙishirwa. Manomi ya ga ta yi yaushi, ya ƙara taki, ya ƙara mata ciwo.

Saiwa kuma tana numfashi, tana shan iskar da ke tsakanin ɓarɓashin ƙasa. In ruwa ya kwanta ya kore iskar, cikin kwana kaɗan sai ta shaƙe ta ruɓe. Mutanen Goronyo da garuruwan da ke ƙasa da madatsar sun ga haka da idonsu a ambaliyar shekarar 2010, lokacin da ruwa ya kwanta a kan gonaki. Yaro mai wayo zai tambaya, to, yaya shinkafa ke zama cikin ruwa wata da watanni? A ba shi karan shinkafa ya tsinke ya duba. Zai ga huhu ne da shi, akwai kuma hanyoyin iska da suka bi daga ganye har ƙarshen saiwa, kamar mai nutso da ya riƙe kara a baki. Amma ita ma in ruwa ya rufe ta ɗungum ya wuce mako, galibi ta kan mutu. Tsohuwar shinkafar fadama ta kakanni dabararta ita ce ta yi ta miƙa gaɓoɓinta tana tsere da ruwa, kanta kullum a sama. Akwai kuma sababbin iri, kamar FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a Nijeriya a shekarar 2017, waɗanda dabararsu ita ce su yi likimo, su tsai da girma, su tattala abincinsu har wajen mako biyu, in ruwa ya janye su farfaɗo. Ta farko ta dace da inda ruwa ke hawa sannu-sannu ya daɗe, ta biyu ta dace da inda ya kan zo farat ɗaya ya wuce. Manomin da ya san wannan bambanci ba zai sayi iri don daɗin sunansa ba.

Kada a ce duk maganarmu ta 'yan fadama ce. Mu hau tudu, wajen gonakin gero da dawa da wake na ƙasar Raba. A tumɓuke wake a hankali a wanke saiwarsa, za a ga wasu ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Wanda bai sani ba sai ya ce cuta ce. A fasa ɗaya, in cikinsa ja-ja ne, to, yana aiki. Gidaje ne na wasu ƙananan halittu da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su ba wake, shi kuwa ya biya su da sukari. A shekarar 1886 wasu masana a Jamus suka tabbatad da haka, amma tun kafin su kakanninmu ke haɗa wake da gero a kunya ɗaya, don sun ga ƙasa ba ta gajiya da wuri. Gyaɗa ma haka ta ke, gawo ma danginsu ne. Ga shi kuma gawo da halin da ba kowane icce ke da shi ba: da damina ya ke zubad da ganye, da rani ya yi kore, gama saiwarsa ta nutsa har inda ruwa ya ke. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Wanda ya sare gawo a gonarsa ya kori bara mai aiki ba lada.

Sai wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Manomi ya kan gan ta ne bayan ta fito da furenta mai kyau, alhali tun tana ƙarƙashin ƙasa ta gama rabin ɓarnarta. Ƙwayarta ƙanana ce kamar ƙura, tsiro ɗaya ya kan zubad da 50,000 ko fiye, tana kuma iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ba ta tsira sai ta ji ɗanɗanon wani ruwa da saiwar dawa ko gero ke fitarwa, sa'an nan ta manne a saiwar, ta huda, ta shiga hanyoyin ruwa da abinci tana zuƙa. Wanda ya san haka zai cire ta tun ba ta yi fure ba, ya ƙone, gama barin ta ta zuba iri bashi ne da jikoki za su biya. Zai kuma juya gonar da gyaɗa ko auduga ko waken soya, don saiwarsu ta kan yaudari ƙwayar ta tsira, ta rasa inda za ta kama, ta mutu.

Hanyoyin nan na cikin kara iri biyu ne. Masu hawa da ruwa suna cikin itacen, masu saukar da abinci daga ganye zuwa saiwa kuwa suna daf da ƙarƙashin ɓawo. Don haka mai neman sassaƙe da ya zagaye icce da gatari ya ɓare shi kewaye, ya yanke wa saiwa abinci. Iccen zai yi kore na ɗan lokaci, kowa ya zaci lafiya, daga baya ya bushe a tsaye. Da ya ɗiba ta gefe ɗaya, da ya sami magani, iccen kuma ya warke.

Fure ma haka. Mai son irin albasa ya kan sake dasa kan, ya fitar da sanda mai farin fure. Furen nan ba ya zama iri sosai sai ƙudan zuma da ƙudaje sun ɗauki garinsa daga wannan zuwa wancan, kamar yadda iska ke ɗaukar bununin gero. Wanda ya fesa maganin ƙwari da rana tsaka a kan fure ya kashe masu yi masa aiki. Irin albasa kuma ba ya daɗewa, in ya shekara ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Yaro na iya ƙirga ƙwaya 100 ya sa a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 10 ya ƙirga waɗanda suka tsira, ya gaya wa ubansa gaskiyar irin tun ba a ɓata fangali ba.

Mun san akwai masu musu. Wani zai ce, manomin Wurno ya shekara arba'in yana noman albasa, ɗan makaranta ne zai koya masa? Gaskiya ne, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Mafi yawan abin da muka faɗa a nan, tsofaffi suna aikata shi tun ba a haife mu ba. Sai dai gadon da suka samu gadon jigo ne da takin shanu da irin gida. Yuriya da inji da maganin feshi da irin kanti baƙi ne, kakanni ba su bar wasiyya a kansu ba. In baƙon abu ya zo, wanda ya san dalili shi ke iya auna shi. Dattijo ya san yadda a ke yi, makaranta ta san abin da ya sa, in an haɗa su biyu gona ce ke ƙaruwa. Malamin kirki kuwa zai fara da zuwa ya durƙusa gaban Sarkin Noma ya yi tambaya, kafin ya buɗe baki a aji.

Wani zai ce makarantun ƙauye ba su da kayan gwaji. Duk abin da muka lissafa, me ya buƙata in ban da wuƙa da gishiri da tsumma? A kife tukunya a kan ciyawa mako ɗaya, a buɗe, yara su ga ta yi fari don rashin rana. A ɗaure leda a reshe mai ganye da safe, da azahar su ga gumi ya taru, su san fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da shuka ke sha ta ganye ya ke fita. A tsoma karan alayyafo cikin ruwan shuni, a yanka gobe, su ga hanyoyin ruwa sun rine. Gani ya kori ji.

Wani kuma zai ce Hausa ba ta da kalmomin wannan ilmi. Harshen da ya bambanta lawashi da karmami da harawa, ya san totuwa da gaɓa da bununi da toho da huda, ba matalaucin harshe ba ne. A makarantar allo ba a ba yaro littafi sai ya san babbaƙu da farfaru. Babbaƙun wannan ilmi suna cikin bakin yaro tun daga gida, a fara da su, sunayen Turanci su biyo baya don jarrabawa.

Saboda haka roƙonmu ga 'yan'uwanmu masu shirin fita aikin malanta shi ne, duk inda aka tura mu, mu nemi ɗan fili a bayan makaranta, ko da fangali huɗu ne. Biyu a yanke musu ruwa da wuri a bar wuya ya bushe, biyu a yi ta ba su ruwa har ranar cira. A ajiye kowanne dabam, yara su riƙa ƙirga ruɓaɓɓu kowace Juma'a suna rubutawa, a ƙarshe a gayyaci iyaye su zo su ga lissafin. Ga masu tsara darussa kuwa, muna roƙo a daidaita wannan darasi da lokacin aikin gona, a yi maganar iri da saiwa lokacin dashe, maganar ganye da hunturu, maganar ajiya lokacin cira. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya bar makaranta ya san abin da ya sa albasar ubansa ke ruɓewa, ya kuma san yadda za a tsare ta, ba wanda zai sake tambayar ubansa amfanin boko.

Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya sa ilmin da mu ke nema ya amfani jama'armu, amin.